Pioneer: Sunan Masu Diga da Shebur da Ya Jawo Korar Bishop Daga Ghana

Wani malamin makaranta ya aiko da tambaya daga Zariya. Ya ce ya lura duk sa'ad da jaridun Turanci za su yabi wanda ya shige gaba a wani aiki, ba sa wuce kalmomi uku: spearhead, vanguard da pioneer. Daga ina suka fito, kuma me ya sa yake jin warin albarushi a jikinsu?

Malam, hancinka bai yaudare ka ba, dukkansu 'ya'yan sansanin yaƙi ne. Ta farko tsinin mashi ce kawai. Ta biyu Ingilishi ya aro ta daga Faransanci a ƙarni na 15, tana nufin rundunar da ke gaba, wadda ke fara cin karo da abokan gaba. Mabiya Lenin suka ɗora ta a kan jam'iyyarsu, kuma ita ce sunan jaridar da Sam Amuka ya kafa a Legas a 1984. Mu kuwa namu kalmomin a hanyar fatauci suka girma: madugu shi ke da ayarin da ke zuwa Gwanja sayen goro, jagaba shi ke gaba yana duba hanya.

Ta ukun ce mai labari. A asali pioneer ba sunan girma ba ne ko kaɗan. Tushenta kalmar Faransanci ce ta sojan ƙasa, dakare, kuma tushe ɗaya suke da sunan ɗan ƙaramin dakaren nan na wasan ches da ake sadaukarwa tun farkon wasa. Da ta shigo Ingilishi a ƙarni na 16, tana nufin leburan soja da ake turawa gaba da diga da shebur da gatari, su sare daji, su haƙa ramuka, su gyara hanya kafin manya su wuce a kan dawakai. Gaba suke, amma don su sha wuya. Har yau a faretin 14 ga Yuli a birnin Paris, masu wannan suna ne ke jan rundunar 'yan ƙasashen waje ta sojan Faransa, da gemu, da warkin fata, da gatari a kafaɗa. A Yaƙin Duniya na Biyu ma Birtaniya ta ɗebi dubun-dubatar 'yan Afirka cikin rundunar da ke ɗauke da wannan suna, aikinsu dako da gini da haƙa.

Amurka ce ta wanke kalmar ta sa mata babbar riga, ta liƙa wa Turawan da suka nausa yamma suna kafa garuruwa a ƙasar da tuni take da masu ita. A 1922 Tarayyar Soviet ta sa wa ƙungiyar yaranta masu jan ƙyalle a wuya wannan suna. Daga can Kwame Nkrumah ya ɗauko shi, ya kafa Ghana Young Pioneers a 1960.

A ganin Nkrumah, ƙungiyar Sikawut gadon mulkin mallaka ce, ba za ta tarbiyyantar da yaron da zai gina sabuwar Afirka ba. Sai aka yi wa yara kayan sarki, aka koya musu fareti, kiɗa, sana'a da tarihin nahiyarsu, aka haɗa ɗan Asante da ɗan Arewa da ɗan zango a sahu ɗaya. Amma tare da haka ana sa su maimaita cewa Osagyefo, wato Nkrumah, ba ya kuskure, kuma ba ya mutuwa. Nan gizo yake saƙa.

A ranar 1 ga Agusta 1962 aka jefa wa Nkrumah gurneti a Kulungugu, yana dawowa daga ganawa da Shugaba Maurice Yaméogo na Upper Volta. Ya tsira da raunuka, ƙasa ta ɗau zafi, kowa ana yi masa kallon maƙiyi. Cikin wannan yanayi, kwanaki kaɗan bayan harin, Bishop na Anglican a Accra, Richard Roseveare, Bature ɗan Ingila, ya tashi a taron majami'arsa ya ce ƙungiyar yaran ba ta san Allah ba, kuma tana ba ɗan Adam matsayin da ba nasa ba. Jaridun CPP, jam'iyyar Nkrumah, suka yi masa ca, suna kiransa ɗan koren 'yan mulkin mallaka. Shugabannin majami'un Methodist da Presbyterian suka mara masa baya. Kafin watan ya ƙare an kore shi daga ƙasar, sai bayan wata uku Nkrumah ya yarda ya dawo.

Har gobe mutanen Ghana ba su daidaita a kan wannan ba. Tsofaffin 'yan ƙungiyar suna cewa an yi musu mummunar fahimta: da aka ce Nkrumah ba ya mutuwa, aƙidarsa ake nufi, kuma bishop ya zaɓi mugun lokaci, jinin shugaban ƙasa bai bushe ba. Masu adawa kuma suna cewa an mai da yara 'yan leƙen asiri, suna kai rahoton iyayensu da malamansu.

Ni dai ina tare da bishop a kan maganar farko. Yaro ɗan shekara takwas ba ya rarrabe mutum da aƙidarsa. Abin da aka sa shi ya faɗa da safe shi ya sani. Babu uba Musulmi ko Kirista da zai ji ɗansa yana cewa wani mahaluƙi ba ya kuskure, hankalinsa bai tashi ba. Kuma a ƙasar da dokar 1958 ta ba gwamnati ikon tsare mutum shekara biyar ba shari'a, uban da ya yi shiru ba yarda ya yi ba, tsoro ne. Maganar leƙen asirin ce nake ɗauka da taka-tsantsan, domin ta fi yin ƙarfi a bakin waɗanda suka kifar da Nkrumah, su kuwa suna da bukatar a gan shi baƙi ƙirin. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yaran kansu: an kira su masu share hanya, alhali hanyar mutum ɗaya aka sa su share.

A ranar 24 ga Fabrairu 1966, Nkrumah yana kan hanyarsa ta zuwa Hanoi, soja da 'yan sanda suka ƙwace mulki, suka rusa ƙungiyar. Ta Soviet ta bi bayanta a 1991. Rundunar masu diga ta Birtaniya kuwa, wadda aka ƙara wa laƙabin Royal a 1946 saboda aikin da ta yi a yaƙi, an narkar da ita cikin rundunar jigilar kayan soja a 1993.