Labarin Ƙwayar Da Ke Mai Da Bayan Gida Rawaya

Sau da yawa mutum yakan zo ɗakin shan magani ya ce, "Malam, bayan gidana ya koma rawaya, ga maiƙo ga wari, cikina kuma sai kumburi." To, yau za mu ba ka labarin yadda aka gano ɗaya daga cikin masu jawo wannan wahala.

Da fari ka sani, ruwan matsarmama ne ke rina bayan gida. In abinci ya wuce hanji da gaggawa, ko hanji ya kasa tsotse mai, sai ya fito rawaya. Na jariri mai shan nono kuwa dama haka yake, kada uwa ta tsorata.

A shekarar 1681 akwai wani mai sayar da yadi a garin Delft, ƙasar Holan, ana ce da shi Antoni Liwanhuk. Ba likita ba ne, amma gwani ne wajen goge gilashi, har ya yi madubi mai ƙara girman abu fiye da sau 200. Ran nan zawo ya kama shi, sai ya ɗebi kaɗan ya duba. Ashe akwai waɗansu halittu a ciki, suna ta iyo! Ya rubuta wa masanan London, amma maganar ta kwanta. Sai a 1859 wani likita mai suna Lambul ya sake ganinsu cikin kashin yara a birnin Prag, ya zana siffarsu. Ita ce ƙwayar da likitoci ke kira Jiyadiya.

Duk da haka aka daɗe ana gardama. Waɗansu suka ce baƙuwa ce mara cutarwa, tun da ana samunta har ga masu lafiya. A 1954 wani likitan Amurka, Rendtorff, ya haɗiyar da ita ga fursunonin da suka yarda, ya ga ƙwaya goma kacal sun isa ta zauna a cikin mutum. Yanzu an tabbata tana cutarwa. Manne wa bangon hanji take yi, ta hana shi tsotse mai da amfanin abinci. Shi ya sa yaro yana ci yana ramewa.

Maganin farko da ya ci ta sosai shi ne mefakirin, na zazzaɓin cizon sauro, wanda aka gwada a 1937. Abin mamaki, shi kuma fatar mutum yake mayarwa rawaya. Wajen 1960 aka fito da Flagyl a Faransa, har yau kuwa ana ba da shi. In malamin asibiti ya ba ka, ka shanye na kwanakin da ya yanka maka, ko da ka ji sauƙi, kada kuma ka haɗa shi da giya. Kada ka saya da ka wurin mai talla, don ba kowane zawo ne nata ba. Kafin nan ka riƙa shan ruwan gishiri da sukari, kada a hana yaro nono ko abinci.

Ta ina take shiga? Daga kashi zuwa baki. Tana iya yin makonni da rai cikin ruwan tafki ko rijiyar da ba ta da murfi. Sai ka tafasa ruwan sha, ka haƙa salga nesa da rijiya, ka wanke hannu da sabulu in ka fito, da kuma kafin cin abinci.

Amma in ka ga kashi ya yi fari-fari, ido ya yi rawaya, fitsari ya yi ja, wannan shawara ce, hanta ko hanyar matsarmama ta taɓu. Haka kuma in akwai jini, ko zawo ya wuce mako biyu. Kada ka tsaya jiƙe-jiƙe, a kai mara lafiya babban asibiti ran nan.