Tarihin Filayen Feshin Ruwa na Yara a Biranen Amurka

Filin feshin ruwa daɓe ne na siminti ko na roba mai laushi, wanda aka binne bututu a ƙarƙashinsa, ruwa yana tsartuwa daga ƙasa ko yana zubowa daga sanduna da bokitai masu kifewa da kansu. An yi wa daɓen ɗan gangare zuwa magudana, saboda haka ruwa ba ya kwanciya a kai. Hukumomin biranen Amurka da Kanada ne suka fi gina irinsa a lambunan shaƙatawa na unguwanni, a buɗe shi daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Satumba, kuma galibi ba a karɓar ko sisi a bakin ƙofa. Siffarsa ta yau ba ta daɗe ba, amma buƙatar da ta haife shi ta haura shekara 150: inda 'ya'yan talakawan birni za su sami ruwan sanyaya jiki idan bazara ta tsananta.

A ƙarni na 19 baƙi daga Turai sun cika New York, suka cunkushe a gidajen haya masu benaye, ɗakuna ba iska, yawancinsu ba wurin wanka. Idan zafi ya yi zafi, yara maza kan faɗa kogunan da ke kewaye da Manhattan, 'yan sanda suna korarsu. A 1870 birnin ya buɗe wuraren wanka masu yawo a kan ruwa, wato akwaku na katako da aka ɗaure a bakin kogi, ruwan kogin na ratsawa ta tsakanin katakan. Kyauta ne, an kuma ware ranakun maza da na mata. Manufar hukuma tsabta ce, yara kuwa wasa ya kai su, kuma ruwan kwatamin da ake zubarwa a kogunan ya yi ta gurɓata ruwan. A 1895 jihar New York ta yi dokar da ta tilasta wa manyan biranenta gina gidajen wanka na kyauta, na titin Rivington ya buɗe a 1901. Tsakanin dokar da ginin, a watan Agusta na 1896, zafin kwana goma ya kashe fiye da mutum dubu a birnin. Theodore Roosevelt, wanda ke shugabancin hukumar 'yan sanda a lokacin, ya sa ido a kan rabon ƙanƙara ga matalauta, ma'aikata kuma suka riƙa jiƙa tituna da mesa, yara suna bin ruwan a guje.

A daidai wannan zamani ne aka fara fafutikar samar wa yara filin wasa. A 1885 aka jibge tarin yashi a wata farfajiya a Boston, bisa shawarar likita Marie Zakrzewska, wadda ta ga yara suna wasa da yashi a lambunan Berlin. New York ta buɗe filin wasa na dindindin a Seward Park a 1903, Chicago kuma ta buɗe jerin ƙananan lambuna a unguwannin ma'aikata a 1905, a 1906 aka kafa ƙungiyar filayen wasa ta ƙasa. Cikin kayan da waɗannan lambuna suka zo da su har da kwamin yara marar zurfi, wanda ruwansa ba ya wuce gwiwar ƙaramin yaro. A wurare da yawa akan cika shi da safe a zubar da yamma, mace ko namiji ɗaya na tsaye yana lura. Wannan kwami shi ne kakan filin feshin ruwa ta ɓangaren hukuma.

Ta ɓangaren titi kuwa, kakansa famfon 'yan kwana-kwana ne, wanda ke tsaye a bakin kusan kowane layi. Wani babba ya zo da sifana ya murɗe shi, ruwa ya fito da ƙarfi, yaro ya riƙe gwangwanin da aka fasa gindinsa a bakin famfon don ya ɗaga ruwan sama ya zubo a kan sauran. Hoton da mai ɗaukar hoto Weegee ya ɗauka a 1937 na yaran unguwar Lower East Side ta New York suna tsalle cikin irin wannan ruwa ya shahara har yau. Ɓarnar ba kaɗan ba ce. Famfo ɗaya a buɗe yana zubar da galan kusan 1,000 a minti guda, ƙarfinsa na iya tunkuɗa ƙaramin yaro gaban mota, kuma idan an buɗe da yawa ruwa ya daina hawa benaye, mai kashe gobara ya rasa abin aiki. Haka aka gani a Chicago a Yulin 1995, lokacin da zafi ya kashe fiye da mutum 700: an buɗe dubban famfuna, wasu unguwanni suka wayi gari ba ruwa. Tun kafin wannan, da hani ya ƙi ci, hukumomi suka koma sulhu. Aka ƙera murfi mai ƙananan huji wanda ke rage ruwan zuwa galan 25 a minti, ya mai da shi yayyafi. Har yanzu a New York wanda ya kai shekara 18 yana iya zuwa ofishin 'yan kwana-kwana na unguwarsu ya nemi a ɗaura musu shi.

Shekarun 1930 su ne lokacin da gwamnati ta fi zuba kuɗi a harkar. Don sama wa marasa aiki abin yi bayan karyewar tattalin arziki, gwamnatin Franklin Roosevelt ta kafa hukumar WPA a 1935, wadda ta gina ɗaruruwan kwamin ninkaya da na yara a faɗin ƙasar. A bazarar 1936 kaɗai New York ta buɗe manyan kwami 11, a ƙarƙashin magajin gari Fiorello La Guardia da kwamishinan lambuna Robert Moses. Na unguwar Astoria tsawonsa ya kai mita 100. Moses ya kuma gina ɗaruruwan filayen wasa, da yawansu da kwamin yara ko shawa mai feshi a tsakiya.

Abubuwa uku ne suka durƙusar da wannan tsari. Na farko shan-inna. Cutar takan ɓarke da bazara, iyaye suna tsoron ruwan da yara suka taru a ciki, birane suna rufe kwami da zarar an ji ɓullarta. A 1952 ta kama fiye da mutum 57,000 a Amurka, kuma tsoron bai kwanta ba sai bayan rigakafin Jonas Salk a 1955. Na biyu wariyar launin fata. A birane da yawa an hana baƙar fata shiga kwamin gwamnati, a Kudu da doka, a Arewa da duka da barazana. Ranar da St. Louis ta buɗe kwamin Fairground Park ga kowa a Yunin 1949, dandazon farar fata suka far wa yaran baƙar fata da suka zo iyo. Da kotuna suka hana wariya, wasu birane suka gwammace kowa ya rasa. Montgomery ta rufe lambunanta a 1959, Jackson ta jihar Mississippi ta rufe kwaminta, kuma a 1971 Kotun Ƙoli ta yanke, da alƙalai biyar a kan huɗu, cewa rufewar ba ta saɓa wa tsarin mulki ba. Masanin tarihi Jeff Wiltse ya bi diddigin wannan a littafinsa na 2007. Na uku kuɗi. Masu hali sun ƙaura bayan gari sun haƙa kwami a gidajensu ko sun shiga kulob, haraji ya ragu a cikin birni, New York ta kusa tsiyacewa a 1975, gyara ya tsaya. Kwamin yara da dama sun bushe, sai bututun feshin da ke tsakiyarsu aka bari yana aiki, saboda shi ba ya buƙatar mai tsaro.

Sabon tunani ya zo daga masu tsara birane. A da, maɓulɓular ado abin kallo ce daga nesa, an kewaye ta, an hana taɓawa. Lawrence Halprin ya tsara wa birnin Portland maɓulɓulai biyu, a 1966 da 1970, waɗanda aka yi su don mutane su tuɓe takalmi su shiga. A 1996, saboda wasannin Olamfik, Atlanta ta gina maɓulɓula mai siffar zobba biyar, da bakin ruwa 251 daidai da daɓen da ake takawa. A 2004 Chicago ta buɗe Crown Fountain, aikin Jaume Plensa ɗan Sifaniya: hasumiya biyu na gilashi masu tsawon mita 15, suna nuna fuskokin mazauna birnin kusan dubu ɗaya bi da bi, fuskar ta tsuke baki sai ruwa ya tsarto a kan yaran da ke jira a ƙasa. Turai ma ta bi sahu, da farfajiyar Somerset House a Landan a 2000 da madubin ruwa na Bordeaux a Faransa a 2006. A gefe guda kamfanonin Kanada, irin su Waterplay da Vortex, suka fara ƙera kayan feshin a masana'anta, ta yadda ƙaramar hukuma za ta iya saye ta dasa a ɗan fili.

Dokoki sun ƙara ingiza birane. Bayan magudanar wani kwamin wanka na ruwan ɗumi ta zuƙe wata yarinya 'yar shekara bakwai ta rasu a 2002, majalisar Amurka ta yi dokar Virginia Graeme Baker, mai ɗauke da sunan yarinyar, a 2007, wadda ta wajabta sauya murafun magudana a duk kwamin jama'a. Ƙa'idojin 2010 na dokar kare haƙƙin naƙasassu kuma suka buƙaci a yi wa kwamin yara hanyar shiga mai gangare. Gyaran tsofaffin kwami ya yi tsada, birane irin su Seattle da Philadelphia suka mai da wasunsu filin feshi. Hujjojin a bayyane suke. Nutsewa ce kan gaba wajen kashe yara 'yan shekara ɗaya zuwa huɗu a Amurka, filin feshi kuwa ba ya tara ruwa. Ba ya buƙatar masu ceto, waɗanda samunsu ya ƙara wuya bayan annobar korona. Yaron da ke kan keken guragu yana shiga ba tare da an ɗauke shi ba. A yawancin filayen akwai maɓalli a jikin wani ginshiƙi daidai tsayin yaro: ya dafa shi da tafin hannu, ruwa ya tashi na 'yan mintoci, wannan baki ya yi shiru wancan ya ɗauka, sannan duka su mutu har wani ya sake dafawa.

Tsarin ruwan iri biyu ne. Wani filin yana jan ruwan famfo na gari, ya fesa sau ɗaya, ruwan ya wuce kwatami ko a yi ban-ruwa da shi. Wannan ya fi sauƙin gini amma yana shan ruwa, shi ya sa wasu biranen California suka rufe nasu a farin 2015. Wani kuma yana tara ruwan a tanki a ƙarƙashin ƙasa, a tace, a sa kulorin, a sake fesawa. Nan ne haɗarin yake, domin ruwan yana wanke ƙunzugun jarirai ya koma tanki, yara kuma suna buɗe baki su sha. Ƙwayar Cryptosporidium mai sa gudawa tana iya rayuwa fiye da mako guda a ruwa mai kulorin. A 2005 dubban mutane sun kamu da ita a filin feshin Seneca Lake a jihar New York, abin da ya sa jihar ta wajabta ƙara fitilar ultrabayolet mai kashe ƙwayoyin cuta. Rahoton da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fitar a ƙarshen 2024 ya ƙirga ɓarkewar cuta 60 daga 1997 zuwa 2022, waɗanda suka kama fiye da mutum 10,000. A 2021 wani yaro ya rasu a Arlington ta Texas bayan wata ƙwaya mai cin ƙwaƙwalwa ta shiga hancinsa a filin da aka yi sakaci da gwajin ruwansa.

Akwai kuma abin da filin feshi ba zai iya ba. Ba a koyon iyo a cikinsa, kuma ba ya wadatar da matashi ko dattijon da zafi ya dama. Alƙaluman hukumar yaƙi da cututtukan sun nuna yaran baƙar fata sun fi na farar fata nutsewa a kwami ninkin-ba-ninki, kuma masana na danganta hakan da zuriyoyin da aka hana koyon iyo a zamanin wariya. Saboda haka idan hukuma ta cike kwamin unguwar talakawa ta dasa filin feshi a gurbinsa, mazauna kan yi ƙorafi cewa an rage musu haƙƙi, kuma suna da gaskiya. Inda aka gina shi kusa da kwami, ko a unguwar da ba ta taɓa samun komai ba, amfaninsa ba ya ɓuya: uwa mai goyo da ƙananan yara tana samun wurin kai su da ƙafa, ba tikiti, ba fargabar nutsewa. Yayin da kwanakin tsananin zafi ke ƙaruwa, birane da yawa sun sa filayen cikin shirinsu na ko-ta-kwana, tare da ɗakunan sanyaya jama'a, suna tsawaita lokacin buɗe su a ranakun da aka yi gargaɗin zafi.