Sawakin, Mashigar Mahajjatan Ƙasar Hausa a Bakin Bahar Maliya

Sawakin tsohon gari ne a gabar yammacin Bahar Maliya, cikin ƙasar Sudan, kimanin kilomita 50 zuwa 60 kudu da Port Sudan, kuma tsakaninsa da Jidda tafiyar sama da kilomita 300 ce a kan ruwa. Asalin garin yana kan wani ɗan tsibiri kewayayye da ke ƙarshen wani siririn mashigi, wanda ya ratso tsakanin duwatsun murjani, wato duwatsun da wasu ƙananan halittun teku ke ginawa sannu a hankali a ƙarƙashin ruwa mai ɗumi. Waɗannan duwatsu ne ke karya ƙarfin igiyar ruwa, saboda haka jirgin da ya samu shiga ya tsira daga iska. Tsibirin ba shi da ruwan sha nasa, sai an ɗebo daga rijiyoyin da ke kan tudu, inda kabilun Beja makiyayan raƙuma suke zaune.

Sunan garin ya bayyana a rubuce-rubucen Larabawa tun ƙarni na 10, kuma lokacin da Ibn Battuta ya sauka a can wajen 1330 ya tarar mai mulkinsa ɗan Sharifin Makka ne, wanda kawunnansa Beja ne. Bayan faɗuwar tashar Aizab da ke arewa a ƙarni na 15, fatauci da jigilar mahajjata suka karkato Sawakin. Turkawan Daular Usmaniyya ta Istanbul sun mallake shi bayan sun ci Masar a 1517, sa'an nan a 1865 ya koma hannun Khedive Isma'il na Masar. Buɗe mashigin Suwez a 1869 ya kawo masa arzikin da bai taɓa gani ba, ta hanyar cinikin ƙaro, hauren giwa, gashin jimina da fatu. Ba kuma za a ɓoye ba cewa har da bayi a cikin abin da aka daɗe ana fitarwa ta wannan tasha.

Da wannan arziki attajirai suka gina gidaje masu hawa biyu zuwa uku, kuma kayan ginin daga cikin tekun aka samo su, domin dutsen murjanin ake sarowa a yanka shi kamar tubali, a jera da katako a tsakani don ya riƙe bango, sa'an nan a shafe da farar ƙasa. Abin da ya fi jan ido shi ne roshan, wata taga ta katako mai sassaƙa da ke turo kai waje daga jikin bene, wadda ke shigo da iskar teku, ta tare rana, ta kuma bar matan gida su kalli titi ba tare da an gan su ba. Irinta ce ake gani a tsohon birnin Jidda. Sai dai dutsen murjani yana da ramuka kamar soso, yana shan gishiri da laima, kuma kamar yadda soron ƙasa a Kazaure ke neman yaɓe kafin kowace damina, haka gidan Sawakin ke neman sabuwar shafa a kai a kai. Ranar da mai gida ya daina zuwa, ranar bango ya fara zubewa.

Masu gidajen kuwa sun daina zuwa. Garin ya jure wa dakarun Mahadin Sudan ƙarƙashin Usman Digna, waɗanda suka matsa masa tun 1883 ba tare da sun ci shi ba, amma bai jure wa manyan jiragen tururi ba, domin mashigin da ya isa kwalekwalen filafilai ya yi musu ƙunci. Turawan Ingila suka gina Port Sudan, aka buɗe ta a 1909, 'yan kasuwa suka kwashe suka koma can.

Abin da ya rage wa Sawakin shi ne mahajjata, kuma da yawansu daga Afirka ta Yamma suke, waɗanda mutanen Sudan ke kira Takari ko Fallata. Ga mai niyya daga Kazaure, Babura, Roni ko Gwiwa, tafiyar kan fara da neman gafarar dangi da barin wasiyya, tun da ba kowa ke dawowa ba, sa'an nan a gangara Kano, a nufi Borno, a ratsa Wadai da Darfur ta Abeshe da El Fasher har El Obeid, inda layin dogo ya tsaya. Talaka yakan yi shekaru a kan wannan hanya yana ƙodago domin guzuri, musamman tsinkar auduga a gonakin Jazira bayan kammala madatsar ruwa ta Sennar a 1925. Yawan masu tafiyar ya ƙaru bayan 1903, shekarar da aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira gabas har ya kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, wanda ya zama zango ga masu wucewa. A Sawakin gwamnatin mulkin mallaka ta ajiye wurin killace mahajjata, inda ake yi musu allurar rigakafi, a duba takardunsu da kuɗin jirgi kafin a bar su su tsallaka. Waɗanda kuɗinsu bai kai ba sukan zame kudu zuwa gabar Massawa su hau ƙananan kwalekwale a ɓoye, tafiyar da ta ci rayuka. Jigilar alhazai ta jirgin sama daga Kano, wadda ta kankama a shekarun 1950, ita ce ta dushe wannan hanya, ko da yake zuriyar waɗanda suka yada zango suna nan a gabashin Sudan suna magana da Hausa.

Mai ziyara a yau zai tsallaka zuwa tsibirin ta gadar da aka danganta ga Gordon, gwamnan Sudan a 1877, ya tarar da akasarin tsibirin tarin farin dutse ne, sai masallatai biyu, na Hanafiyya da na Shafi'iyya, da ginin kwastan, waɗanda hukumar raya ƙasashe ta Turkiyya, TIKA, ta gyara. Ziyarar Shugaban Turkiyya Erdogan a Disamban 2017 ta zo da alkawarin sake gina tsibirin, alkawarin da ya tayar da hankalin Masar da Saudiyya, waɗanda suka hango soja a bayansa, amma faɗuwar gwamnatin Al-Bashir ta Sudan a 2019 da yaƙin da ya ɓarke a ƙasar a 2023 sun rage masa ƙarfi. Hada-hadar gaske tana wajen tsibirin, a tashar Usman Digna da aka buɗe a 1991, inda jiragen fasinja ke tashi zuwa Jidda, ake kuma lodin tumakin da Sudan ke sayar wa Saudiyya.