"A Mai Da Shi Gida": Tarihin Jinyar Ƙarshe a Kano

Tudun Wada ta Kano unguwa ce da ta tashi a wajen ganuwa bayan Turawa sun ci birnin a 1903, masaukin tsofaffin sojoji da baƙi 'yan Arewa. Ba nisa da ita, a Nassarawa, asibitin da aka gina don Turawa yake, wanda yau ake kira Muhammad Abdullahi Wase. Na talakawa kuwa a cikin gari aka kafa shi wajen ƙarshen shekarun 1920, shi ne Murtala na yanzu. Kafin nan jinya aikin gida ce. Wanzami ya yi ƙaho, maɗori ya ɗora karaya, malam ya yi tofi da rubutu, mai magani ya kawo sassaƙe. In duk an yi ba sauƙi, manya su ce ciwon ajali ne, a kira dangi a yafi juna, a tambayi majinyaci basussukansa, a fuskantar da shi alƙibla a laƙƙana masa kalmar shahada. Zuwan asibiti bai kashe wannan al'ada ba. Abin da ya ƙara mata shi ne lokacin da likita zai girgiza kai, babban gida ya ce, "To, a mai da shi gida."

A wasu ƙasashe tuni doka ta ba likita damar gaggauta mutuwar wanda ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, in shi ya nema. Holan da Beljiyam sun fara a 2002, Kanada ta biyo a 2016. Akwai masu cewa mu ma abin da muke yi ke nan, sai dai ba mu faɗa: wanda aka ɗauke daga gadon asibiti ai an yanke masa hukunci. Wannan magana ta haɗa abubuwa biyu da fiƙihu da dokar ƙasa suka raba. Barin maganin da ba ya da sauran amfani daban, ba da allurar da za ta ɗauke rai daban. A 1986 majalisar malaman fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na birnin Amman, ta amince a cire na'urar numfashi daga wanda ƙwararrun likitoci suka tabbatar ƙwaƙwalwarsa ta mutu. A 2001 Kotun Ƙolin Najeriya, a shari'ar Dakta Okonkwo, ta ce baligi mai hankali yana da ikon ƙin magani, ko da ƙarin jini ne da ransa ya dogara a kai. Amma dokar hukunta laifuka ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta sa taimaka wa mutum ya kashe kansa cikin manyan laifuka, Musulunci kuma ya haramta. Wanda aka mai da gida ana ci gaba da ba shi kunu a cokali, ana juya shi, ana zuwa dubiya. Ba wanda ya sa masa rana.

Sukar da ta fi nauyi daga wani ɓangare take. A yau sau da yawa ba likita ne ke cewa magani ya ƙare ba, aljihu ne. Mai wankin ƙoda da ke buƙatar zuwa sau biyu ko uku a mako, da mai ciwon daji da aka rubuta wa gashi, galibi daga kuɗin gida ake biya musu, har a sayar da fili. Ranar da kuɗin suka ƙare, kalmar da kakanni ke faɗa don miƙa wuya ga ƙaddara ita ce dai ake faɗa, alhali ciwon yana da magani. Wannan gaskiya ce mai ɗaci, kuma a ganina ita ce babbar hujjar ƙin irin waccan doka a nan. Majinyacin da ke jin ana ƙus-ƙus a zaure kan kuɗin asibitinsa, in aka ce masa yana da damar neman a sallame shi daga duniya, kunya ce za ta yi magana da bakinsa, ba zaɓi ba.

Dokokin Holan da Kanada kuwa a kan amana suka tsaya, wato an yi wa majinyaci bayani ya fahimta, ya amince ba tilas. Kano tana da tabo a daidai nan. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Asibitin Zana, gwajin da ya shafi yara kusan 200, 11 suka rasu. Iyaye sun ce ba a sanar da su gwaji ne ba. Kamfanin ya ce ya nemi izini da baki, kuma cutar ce ta kashe yaran. An sasanta da gwamnatin Kano a 2009 kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Zargin da abin ya bari na cikin abubuwan da suka rura ƙin rigakafin shan-inna a 2003. Garin da ya sha wuya kafin ya sake yarda da ɗigon rigakafi, da wane ido zai dubi likitan da doka ta ba allurar mutuwa?

Sai batun raɗaɗi, wanda masu goyon bayan dokar suka fi riƙewa, kuma ba su yi ƙarya ba: akwai masu cikawa cikin azaba. Amma akasarin wannan azaba tana da magani mai arha, mofin, wanda likitocin duniya suka daɗe suna ba masu ciwon daji. A Najeriya samunsa wuya gare shi, saboda tsaurin dokar miyagun ƙwayoyi da tsoron da ma'aikatan lafiya ke yi na rubuta shi. Yaƙi da shaye-shaye, har da hana maganin tari mai kodin a 2018, ya zama dole, amma ya ƙara wa duk wani maganin raɗaɗi mai ƙarfi baƙin jini. Asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe sashen kula da masu jinyar ƙarshe tun 2007. Irinsa ne gidajen Tudun Wada ke buƙata: ma'aikaciyar jinya da za ta bi majinyaci har ɗakinsa da mofin na sha, ta koya wa masu jinya awonsa da yadda ake wanke gyambon kwanciya.