Daga Jujin Masar Zuwa Ajin Helenanci

Tun da Stanley Porter ya fitar da littafinsa a 1989, Buist Fanning ya bi sahu a 1990, malaman Helenancin Sabon Alkawari ke ta ja-in-ja: shin aikatau lokaci yake nunawa, ko yadda marubuci ya kalli aikin, kammalalle ko mai ci? Rigimar ta girme su nesa ba kusa ba.

Nahawun da ake danganta wa Diyonisiyus Tirakis, almajirin malaman Iskandariya, wajen shekara 100 kafin haihuwar Almasihu, ya kasa kalmomi gida 8. Romawa suka juya sunayen zuwa Latin, Turai ta gada. Ko da Erasmus ya buga Sabon Alkawari na Helenanci a Basel a 1516, da ma'aunin Latin da na adabin Atina ake auna shi, aka ga bai cika mudu ba. Wasu suka ce Ibrananci ne ya gurɓata shi, wasu suka ce harshe ne na musamman na Ruhu Mai Tsarki.

Juji ne ya raba wannan gardama. A 1897 Grenfell da Hunt suka tono tarin takardun fafirus a Oksirinkus ta Masar: rasit na haraji, yarjejeniyar aure, har da wasiƙar wani yaro, Tiyon, mai fushi da babansa don ya ƙi tafiya da shi Iskandariya, yana barazanar ƙin ci da sha. Adolf Deissmann, wanda tun 1895 yake bin irin waɗannan takardu, ya nuna kalmomi da yawa da ake zaton na Littafi Mai Tsarki ne kaɗai, ashe a bakin 'yan kasuwa suke. Moulton da Milligan suka tattara su cikin ƙamus daga 1914.

Tasirin Ibrananci yana nan, ba musu, amma a ganina babban mai laifi shi ne ma'aunin aro. Shi ya haifi wa'azin nan cewa sigar aikatau da ake kira aworist na nufin aiki sau ɗaya tak, wanda Frank Stagg ya rushe a 1972.

Bahaushe kuwa tun yana goye yake bambanta "ya rubuta" da "yana rubutawa", kuma duka biyun kan zauna a labarin jiya. Don me za a bi da ɗalibin tauhidi a Bukuru ta Turanci kafin a kai shi ga abin da harshensa ya riga ya koya masa?