Yadda Gizo Da Ƙoƙi Suka Shiga Jami'a

In Bahaushe yana son ya nuna maka cewa maganarka ba ta da tushe, sai ya ce ai wannan tatsuniya ce, ko ya ce zancen Gizo da Ƙoƙi ne. A wurinsa tatsuniya aikin tsofaffin mata ne da yara bayan an ci tuwon dare, har ma akan tsorata yaro da cewa wanda ya yi ta da rana ɓata zai yi. Amma a yau ana karantar da ita a sassan Hausa na jami'o'inmu a Kano da Zariya da Sakkwato da Katsina, har mutum ya zama dakta ko farfesa a kanta. Yadda aka yi Gizo ya baro tabarmar kaka ya shiga ɗakin lacca tafiya ce ta fiye da shekara ɗari, kuma akwai abin da aka yar a kan hanya wanda ya kamata mai karatu ya sani.

Waɗanda suka fara buga tatsuniyoyinmu a littafi Turawa ne, kuma ba don yaranmu suka yi ba. A 1855 matafiyin nan na Jamus, Heinrich Barth, ya koma Turai tare da samari biyu, Dorugu da Abbega. Dorugu ɗan ƙasar Damagaram ne da aka kama bawa tun yana ƙarami. A Ingila wani ɗan mishan mai suna J.F. Schon ya zaunar da shi yana rubuta abin da ke fita daga bakinsa, na tarihin rayuwarsa da na tatsuniyoyi, waɗanda suka shiga littafin Magana Hausa na 1885. Bayan cin ƙasar Hausa kuma, Razdan na Sakkwato, Manjo Burdon, ya sa malamai suka rubuta masa labarai da ajami, ya miƙa wa Frank Edgar, shi kuma ya mai da su boko ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa a juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913. A 1913 ɗin ne R.S. Rattray ya fitar da nasa, daga rubutun wani Malam Shaihu da ke zaune a ƙasar da muke kira Gana a yau. Manufar waɗannan mutane ita ce jami'an mulkin mallaka su koyi harshen, su kuma fahimci tunanin waɗanda suke mulka. Ba wanda ya damu a lokacin da ko tatsuniyar ta yi daɗi, ko wace tsohuwa ce ta fi iya tsara ta.

Mataki na biyu ya zo ne da makarantun boko, waɗanda suka rasa abin da yara za su karanta da Hausa. A 1933 Hukumar Talifi da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar ƙagaggun labarai. Cikin littattafai biyar da aka zaɓa, biyu cike suke da aljanu da abubuwan mamaki, wato Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara. Daga nan East ya gayyato Imam Zariya, ya tara masa littattafan Larabawa da na Indiyawa da na Turawa, ya zauna ya rubuta Magana Jari Ce, wanda juzu'insa uku suka fito daga 1937 zuwa 1939. Akun da ya riƙa janye hankalin Musa ɗan Sarki Abdurrahman da labarai ya zama malamin Hausa na yaran Arewa tsara bayan tsara. A 1951 Ahmadu Ingawa ya kawo Iliya Ɗan Maiƙarfi, a 1969 kuma Umaru Dembo ya ɗauki yaro Kilba ya kai shi sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya.

Abin lura shi ne, duk waɗannan littattafai karanta su ake yi a aji, ba nazarin su ake yi ba, domin kuwa babu ma inda za a yi nazarin. A 1937 da juzu'in farko na Magana Jari Ce ya fito, a Ingila wani farfesan Jami'ar Oxford, J.R.R. Tolkien, ya fitar da littafin yara mai suna The Hobbit, sannan a 1939 ya gabatar da lacca a Jami'ar St Andrews yana kare irin waɗannan labarai, yana cewa ba yara kaɗai suka cancance su ba. Can marubucin yana cikin jami'a, yana da mumbarin da zai kare sana'arsa. Mu a nan sai a 1962 aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello, shekara ashirin da biyar bayan akun Imam ya fara magana.

Da nazarin Hausa ya kankama a Zariya da Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano, wadda ta zama Jami'ar Bayero a 1977, fannonin da suka fara samun manyan malamai su ne nahawu da waƙa. M.K.M. Galadanci ya yi fice a nahawu, Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kan Mamman Shata, Dalhatu Muhammad kuma a kan Aƙilu Aliyu. A can waje Neil Skinner, wanda ya koyar a Jami'ar Wisconsin ta Amurka, ya fassara tarin Edgar zuwa Turanci, juzu'in farko a 1969, sauran biyun a 1977.

Mutumin da ya ɗauki tatsuniya ya zaunar da ita a kujerar ilmi a gida shi ne marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya na Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya da ke Kano. A farkon shekarun 1970 ya fitar da Tatsuniyoyi da Wasanni, littafi na ɗaya zuwa na shida, domin 'yan firamare. A 1979 ya kammala digirinsa na uku a kan adabin baka da yadda yake tarbiyyantar da yaro ya zama ɗan al'ummarsa. A 1988 kuma ya buga Hausa a Rubuce, wanda har gobe ɗalibin Hausa ba ya rabuwa da shi. Muhimmancin wannan bawan Allah shi ne ya riƙe igiya biyu a lokaci guda: abin da ya tattaro daga bakin tsofaffi ya yi nazarinsa ga manya, ya kuma mayar wa yara da kayansu a littafi mai hotuna da sassauƙar Hausa. Ya rasu a 1995.

Mai karatu zai iya tambaya, me ake bincikawa a cikin tatsuniya? Manazarci yakan shiga gari da na'urar ɗaukar magana, ya ɗauki tatsuniya guda daga bakin mutane daban-daban, ya rubuta, ya jera su yana duba abin da ya tsaya da abin da ya sauya. Yakan duba jigo da zubi da salo, da halin taurari irin su Gizo mai wayo da kwaɗayi, da kura, da dodo, da kishiyar uwa da marainiya. Wasu sukan gwada ma'aunin Vladimir Propp, Barashen da ya nuna a 1928 cewa tatsuniyoyin mamaki na ƙasarsa matakai 31 suke bi. Farfesa Sa'idu Babura Ahmad, a littafinsa na 1997, ya nuna cewa mai ba da tatsuniya ba haddace ta kawai yake yi ba, fassara ta yake yi gwargwadon fahimtarsa da masu sauraronsa. A ɓangaren rubutattun labarai kuwa, Farfesa Ibrahim Malumfashi ya bi sawun labaran Imam zuwa tushensu a Alfu Laila da tatsuniyoyin Jamus da sauransu, abin da ya sa muka gane cewa gwanintar Imam tana wurin yadda ya sa wa baƙin labarai rigar Hausa har aka kasa gane baƙi ne.

To, ga abin da aka yar a hanya. Igiya biyun da Ibrahim Yaro ya haɗa sun rabu. Kundayen digiri a kan tatsuniya suna ta ƙaruwa a ɗakunan karatu na jami'o'i, amma kaɗan ne daga cikinsu suke komawa littafin da yaro ɗan shekara takwas zai riƙe. Babban aikin tattara tatsuniyoyi na wannan ƙarnin, Taskar Tatsuniyoyi, Dakta Bukar Usman ne ya yi shi, tsohon ma'aikacin gwamnati daga Biu, ba malamin jami'a ba. Haka nan littattafan yaƙi da matsafa da aljanu, irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini, waɗanda samari suka yi ta rububinsu a kasuwa da shagunan haya, ba su samu kulawar da aka ba littattafan soyayya ba lokacin muhawarar adabin kasuwar Kano a shekarun 1990, alhali jikokin Ganɗoki ne.

Dalilin raba igiyar ba ɓoyayye ba ne. Ƙarin girma a jami'a da maƙala a mujallar ilmi ake samun sa, ba da littafin yara mai shafi ashirin ba, kamfanonin ɗab'i kuma ba sa ɗokin littafin da ba ya cikin manhaja. A halin nan kuwa tsofaffin da suka iya gatana suna ta tafiya, jikokinsu suna kallon zane mai motsi a waya da harshen da ba nasu ba. Duk ɗalibin da ya ɗauko tatsuniya daga bakin wata tsohuwa ya samu digiri, jikokinta suna bin sa bashin littafi guda. Marubutanmu ma da ke iya cika shafi ɗari biyar da soyayya, shafi ashirin na yara ba zai gagare su ba.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon ɗorawa daga inda suka tsaya.