Da Wace Takarda PZ Ta Zauna a Sabon Gari?

Duk wanda ya hau Keke Napep daga Samaru ko Zabi ya ce a sauke shi a PZ, sunan wani kamfanin Ingila ya ambata, wato Paterson Zochonis. Mun riƙe sunan har ya zama unguwa, amma ba mu cika tambayar da wace takarda irin waɗannan kamfanoni suka zauna a garinmu ba.

Layin dogo ya iso Zariya a 1911, kantunan Turawa suka biyo bayansa: John Holt, PZ, daga baya UAC da aka kafa a 1929. Suna sayen auduga da gyaɗa da fata, suna sayar da atamfa da gishiri da kananzir. Dokar kamfanoni ta farko ta fito a 1912, amma Legas kaɗai ta shafa. Sai a 1917 aka shimfiɗa ta kan ƙasa baki ɗaya.

Ko bayan nan, doka ta yarda kamfanin waje ya yi aiki a matsayin reshe kawai. Uwar kamfani tana Turai, can daraktoci ke zama, can ake raba riba. Abin da kakanninmu ke gani a nan shi ne manaja da akawu da sikeli.

Abin ya sauya a 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon, wanda a nan Wusasa ya tashi, ta kafa doka cewa duk kamfanin waje da ke kasuwanci a ƙasar nan sai ya zama kamfanin Najeriya mai zaman kansa, da rajistarsa da littattafansa a gida. A ido aikin cike takarda ne. Amma da zarar kamfani ya samu hannun jari a nan, gwamnati na iya cewa a sayar. Haka kuwa aka yi a 1972, aka tilasta wa kamfanoni da dama sayar wa 'yan ƙasa kashi 40 cikin ɗari, a 1977 aka ɗaga na wasu zuwa 60. Mu dai a ganinmu, manomin audugar da ya yi shekaru yana kai kaya sikeli bai ga komai ba. Masu kuɗi da waɗanda banki ke ba rance su suka kwashe.

A 1995 gwamnatin Abacha ta soke wannan tilas, baƙo ya samu damar mallakar kamfani ɗungurungum. Sharaɗin 1968 kuwa yana nan. Dokar 1990 da ta kafa hukumar CAC ta riƙe shi, ta 2020 ma haka. Yau ta intanet ake cike fom ɗin, ana neman adireshin ofis a Najeriya, da sunayen daraktoci, da sunan duk wanda ke riƙe da kashi 5 cikin ɗari ko fiye na hannun jari.